Makullan Ɗaki na Tara

Sati shida na yi a Barnawa ina ɗaukar darasi,
benci mai ƙusa, fanka mai kuka, allo da alli.
Malama Kuyet ta ce, "Ku rubuta:
wanda hankalinsa ya gushe ba ya jin tsawa,
duhu take ƙara masa."
Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa.

Doka ce sabuwa ta sauko mana:
ba gandiroban da zai riƙe makullan ɗaki na tara
sai mai takardar shaida, da hatimi, da sa hannu,
sai likita ya zaunar da shi, shi ma,
ya tambaye shi, kana barci?
Hannunka ya taɓa yi maka ƙaiƙayin duka?
Na ce a'a. Rabin gaskiya na faɗa.

Saje Maiwada sau biyu ya zauna jarrabawar.
Shekara ashirin da uku yana wannan ɗaki,
ko a duhu ya san tarin kowa,
amma biro ya ƙi hannunsa.
Maki uku suka rage.
Aka mai da shi bakin ƙofa,
yana caka cokali cikin tuwon masu ziyara
ko an ɓoye reza.

Ni aka miƙa wa makullan.
Takardata na kai Kasuwar Barci aka yi mata rigar leda,
Inna ta rataye ta kusa da agogo.

Daren Laraba, ruwan Agusta, an ɗauke wuta.
Jatau ya tashi.
Jatau da ya yi ƙuruciyarsa a masaƙar Kakuri
har ranar da aka garƙame ta,
shekara bakwai yana jiran alƙali ya tuna da shi.
Ya ce injuna sun tashi ba mai tsaronsu,
zare zai harɗe, za a yanke masa albashi,
a buɗe! A buɗe!
Goshinsa da bango, goshinsa da bango.

Shafi na sha huɗu: sassauta murya, kira sunansa,
kada ka matsa.
Na sassauta. Na kira. Ruwa ya cinye muryata.
Sai na tarar da hannuna a kan kulki,
ban san lokacin da ya je can ba.

Na aika a kira Saje.
Ya zo da rigar ruwa, ya tsaya a ƙarshen baranda,
nan doka ta ce ƙafarsa ta tsaya.
Ya ciro usur, ya busa dogo sau ɗaya.
"Jatau! An tashi! Kashe inji, 'yan safe sun iso!"

Shiru, sai ɗigar indararo.
Jatau ya goge tafukansa a wando,
ya ce, "Oga, gobe ƙarfe nawa?"
"Bakwai."
Ya kwanta.

Saje ya ce in sa masa mari a ƙafa kafin asuba,
haka aka saba.
Na ce a'a, Baba.
Na haska tocila a katin magani:
kwana uku ba wanda ya ba shi ƙwayarsa.
Na wanke goshin, na rubuta, na buga wa nas waya.
Saje ya daɗe yana kallona, ya juya cikin ruwan.

Da safe fom ya tambayi matakin da jami'i ya ɗauka.
Gurbi huɗu ne, babu na usur,
babu na mutumin da bai kamata a gan shi a wurin ba.
Na matse sunansa a gefe da ƙananan baƙaƙe.

Yanzu in an yi la'asar muna zama gindin mangwaron bariki,
ina karanta masa tambayoyi, yana gumi, yana zagin biro.
In ya gaji sai ya rufe littafin,
ya ce, "Saurara. Tarin wa ke nan?"
Jarrabawarsa watan jibi ce.
Ni har yau ina haɗa na Jatau da na Barau.